Fender Deluxe Reverb Mai Bawul Da Takwaransa Na Dijital: Wanne Ya Cancanci Kuɗin Makaɗin Jita?

Kamfanin Fender yana sayar da amfilifaya biyu na jita, wato akwatunan ƙara sauti, waɗanda idan aka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, da ƙyar mutum zai iya cewa ga wannan ga wancan. Dukansu baƙaƙe ne masu ƙyallen azurfa a fuska, da maɓallan murɗawa tara a jere, da lasifika guda mai faɗin inci 12. Na farko shi ne '65 Deluxe Reverb, wanda ke aiki da bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ja kamar garwashi da ake samu a cikin tsofaffin rediyoyi. Na biyu shi ne Tone Master Deluxe Reverb, wanda ya fito a 2019, kuma babu bawul ko ɗaya a cikinsa, sai ƙaramar kwamfuta da aka ɗora wa aikin kwaikwayon na farkon. Gardamar da makaɗa suka daɗe suna yi a kan sautin bawul da sautin dijital ba ta da wurin gwaji da ya fi waɗannan biyu, domin kamfani ɗaya ne ya ƙera su, girmansu ɗaya, maɓallansu ɗaya, saboda haka duk bambancin da kunne ya ji daga cikin akwatin yake fitowa.

Asalin Deluxe Reverb ya fito ne a 1963 daga masana'antar Leo Fender da ke Fullerton a jihar Kalifoniya, kafin ya sayar da kamfanin ga CBS a farkon 1965. Wanda ake sayarwa yanzu da lambar '65 maimaici ne da aka fara ƙerawa a 1993 bisa tsarin wancan na da. Ƙarfinsa wat 22 ne, yana da bawul tara, kuma biyu daga cikinsu, masu lamba 6V6, su ne ke tura lasifika, yayin da guda mai lamba 5AR4 ke juya wutar da ta shigo daga bango zuwa irin wadda sauran suke bukata. Shida da suka rage su ne ke ɗaga ɗan siririn sautin da ya fito daga jita, su kuma kula da amsa-kuwwa da karkarwar sauti. Abin da ya sa ɗakunan ɗaukar sauti suka riƙe wannan amfilifaya fiye da shekara 60 shi ne matsakaicin ƙarfinsa, domin ana iya ƙure shi har ya fara dishewa ba tare da ya kori kowa daga ɗakin ba, sabanin yayansa Twin Reverb mai wat 85 wanda ba ya dishewa sai kunnuwa sun gaji.

Wannan dishewar ita ce tushen maganar gaba ɗaya. Tun 1947 aka ƙirƙiro taransista, kuma sannu a hankali ta kori bawul daga rediyo da talabijin da kwamfuta, amma ta kasa korarsa daga amfilifayar jita, saboda dalili ɗaya: idan aka ɗora wa bawul sautin da ya fi ƙarfinsa, yakan lanƙwasa shi a hankali, ya ƙara masa kauri da ɗan kaushi mai daɗin ji, alhali taransista yanke shi take yi farat ɗaya, sai a ji ƙara mai ƙaiƙayi a kunne. Akwai kuma abin da bawul ɗin 5AR4 yake yi idan aka daki tsirkiya da ƙarfi, wato wutar da yake bayarwa takan ɗan faɗi na ƙiftawar ido kafin ta dawo, sai sautin ya ɗan nutse sannan ya buɗe. A wurin injiniya duk waɗannan aibobi ne. A wurin makaɗi kuwa su ne abin da ya biya kuɗinsa domin ya samu, kuma su ne abin da masu kwaikwayo suka shafe shekaru suna ƙoƙarin kamawa da lissafi.

Ƙoƙarin ya fara shiga hannun jama'a ne da jar na'urar nan ta Line 6 mai suna POD a 1998, wadda ta yi kasuwa ƙwarai duk da cewa mai kunne yana gane ta daga nesa. Fractal Audio ya fito da Axe-Fx a 2006, kamfanin Kemper na Jamus ya zo da nasa a 2011 da wata dabara ta daban, inda na'urar ke aika sauti cikin amfilifaya ta gaske, ta saurari abin da ya fito, ta adana hotonsa. Line 6 ya sake dawowa da Helix a 2015. Duk waɗannan na'urori suna ɗauke da amfilifaya da dama a cikinsu, da allo, da jerin zaɓuɓɓuka masu yawa. Fender ya bi wata hanya da Tone Master, ya tattara dukan ƙarfin kwamfutar a kan kwaikwayon amfilifaya guda ɗaya tak, ya hana ta allo, ya hana ta ma'ajiyar saituka. Ana jona jita, a murɗa maɓalli, a kaɗa. Ina ganin wannan ita ce shawara mafi kyau da aka yanke a ƙirar, domin na ga makaɗa da yawa da suka sayi na'ura mai amfilifaya ɗari suka ɓata lokacin atisaye a latse-latse, aka tashi ba a kaɗa komai ba.

Na gwada su biyun da jita ɗaya mai siririn sauti irin na Stratocaster, da waya ɗaya, a ɗakin atisaye sannan a zauren taro. Idan maɓallin ƙara yana kan 2 ko 3, inda sautin yake fita tas babu kaushi, gaskiya ita ce ban iya rantsewa cewa ga wanda ke magana ba idan na juya baya wani yana canza wayar. Kaifin nan na Fender mai kama da ƙararrawa yana nan a dukansu, haka ma kaurin ƙasa mai laushi, da ɗan ramin da ke tsakiya wanda ya sa jita ba ta danne muryar mawaƙi. Ɗan bambancin da na ji a nan ya fi kama da na lasifika, domin mai bawul yana ɗauke da Jensen C-12K mai maganaɗisu mai nauyi, shi kuwa Tone Master an sa masa Jensen N-12K mai maganaɗisun neodimiyom mara nauyi, kuma akwatinsa katakon fain ne maimakon falawud. Har ƙaramin kafasitan da ke ƙara kaifi a layin Vibrato, ɗaya daga cikin layuka biyu da ake jona jita, an kwaikwaya, wanda ke sa wasu fedoji, wato ƙananan na'urorin canza sauti da ake takawa da ƙafa, su yi tsini idan ƙara tana ƙasa, kuma daga baya kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja da ake lodawa ta USB ga wanda yake son a cire shi. A kan mai bawul sai mai gyara ya buɗe ya sa ƙarfen dalma kafin a yi wannan.

Daga 4 zuwa 6 ne maganar ta canza, kuma nan ne ya kamata duk mai son saye ya tsaya ya daɗe. A wannan tsakanin Deluxe Reverb yana kan gaɓa, bai dishe ba kuma bai zauna tas ba, hannun makaɗi ne ke yanke hukunci. Idan aka shafa tsirkiya a hankali sautin ya fito fes, idan aka ɗan danna sai gefensa ya fara gashi, idan aka sassauta kuma ya koma yadda yake, duk a cikin jimla ɗaya ta kiɗa. Tone Master yana yin wannan, kuma yana yin sa fiye da yadda masu kushe shi suke faɗa. Amma a kan mai bawul akwai matakai da yawa tsakanin tas da kaushi, har mutum ya ji kamar tsirkiyar tana ɗan turo yatsansa baya, sannan idan aka bar sauti ya mutu da kansa, wutsiyarsa tana narkewa sannu a hankali tana canza launi. A kan na dijital wutsiyar ta fi tsafta kuma ta fi zama iri ɗaya kowane lokaci, kuma idan aka daki tsirkiyoyi uku na ƙasa tare da ƙarfi, nutsewar nan da buɗewar tana zuwa, sai dai ta fi taƙaituwa, kamar an auna mata iyaka. Haka kuma idan aka rage ƙara daga maɓallin jikin jitar, mai bawul yana washewa ba tare da ya rasa jiki ba, na dijital kuma yakan ɗan sirance kafin ya washe.

Wannan bambanci na gaske ne, ba zan ce babu shi ba domin in faranta wa masu son sabon abu. Abin da zan ƙara shi ne cewa a yatsun makaɗi yake zaune, da ƙyar yake tsallakawa zuwa kunnen mai sauraro. A zauren taro, da aka sa ganga da bas da piyano, na koma can baya na saurari wani yana kaɗawa, kuma abin da na ji a ɗakin atisaye ya ɓace a cikin taron sauti. Mai cewa tunda jama'a ba sa ji to ba shi da amfani, shi ma bai faɗi daidai ba, domin makaɗin da yake jin daɗin abin da ke ƙarƙashin hannunsa ya fi sakin jiki, kuma wannan jama'a suna jin sa. Sai dai kowa ya tambayi kansa ko salon kiɗansa yana zaune a kan wannan gaɓar. Mai kiɗan coci ko na biki da ke son sauti tas daga farko har ƙarshe ba zai taɓa zuwa wurin ba. Mai bin salon jitar Agadas kuwa, inda tsirkiya guda ke ta kuka ana maimaita jimla ana ƙara mata zafi, a nan yake kwana.

Daga 7 zuwa sama dukansu sun dishe sosai, ƙasan sautin ya saki, kuma sai an rage maɓallin Bass kafin a ji abin da ake kaɗawa. Kwaikwayon ya kama har wannan aibin.

Game da zargin jinkiri da ake yi wa dijital, wato ɗan lokacin da kwamfuta ke ɗauka kafin ta fitar da abin da aka kaɗa, lissafi ya isa ya kwantar da shi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, saboda haka wanda ya tsaya mita uku daga lasifikarsa yana jiran kusan milisakan 9 kafin sautin ya iso kunnensa, ko da amfilifayar bawul ce. Jinkirin na'urorin kwaikwayo na wannan zamani bai kai haka ba, kuma ban ji shi a Tone Master ba.

Amsa-kuwwar mai bawul daga sifirin na gaske take fitowa, waɗanda ke shimfiɗe cikin wani dogon gwangwani a ƙasan akwatin, shi ya sa idan ƙafa ta bugi amfilifayar ake jin ƙara kamar tsawa. Ta Tone Master hoton irin wannan gwangwanin ce da aka ɗauka aka adana, tana da daɗi da zurfi, kuma ba ta tsawa idan dandamali ya girgiza. A dukansu tana cika wuri da wuri, mafi yawan makaɗa ba sa wuce 3.

Inda na dijital ya yi wa mai bawul fintinkau shi ne a bayan akwatin. Akwai wani maɓalli mai matakai shida da ke rage ƙarfin fita daga wat 22 zuwa 12, zuwa 5, zuwa 1, zuwa rabin wat, har zuwa 0.2, ba tare da ya taɓa yanayin dishewar ba. Ma'anar wannan ita ce gaɓar nan ta 4 zuwa 6, wadda a kan mai bawul ba a samunta sai da ƙarar da za ta tayar da maƙwabta, ana iya samunta da dare a cikin ɗaki yara suna barci. Wat 22 na bawul ba ƙaramar ƙara ba ce, kuma yawancin waɗanda suka mallaki Deluxe Reverb a gida suna kaɗa shi ne a kan 2, wato sun biya kuɗin abin da ba sa samun damar ji. Domin kwaikwayon waɗannan wat 22 ɗin, an sa wa Tone Master injin tura lasifika mai wat 100, saboda bawul yakan wuce adadin da aka rubuta masa idan aka dake shi, kuma dole injin dijital ya kasance da sarari mai yawa don kada shi kansa ya yanke sautin. A gefen wannan maɓallin akwai mafitar XLR da ke kai sauti kai tsaye zuwa miksa, da zaɓi biyu na kwaikwayon makirufo a gaban lasifika, da wani maɓalli da ke kashe lasifikar akwatin ya bar mafitar tana aiki. Duk wanda ya taɓa ganin makirufo rataye da wayarsa a gaban amfilifaya yana kwasar ƙarar ganga ya san darajar wannan.

Sai nauyi. Mai bawul yana da kimanin kilo 19, mafi yawansu na taransifoma biyu ne da maganaɗisun lasifika, shi kuwa Tone Master bai wuce kilo 10 da rabi ba. Mutum yana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, jita a ɗaya hannun, ya hau bene ko ya shiga Keke Napep, kuma babu gilashin da zai ji tsoron fashewarsa idan an faɗa rami.

Batun wuta ya fi shafar mai saye a ƙasashenmu fiye da mai saye a Turai ko Amurka. Amfilifayar bawul ana ƙera ta ne domin wuta iri ɗaya, kuma kayan gwanjon da ke zuwa daga Amurka na bolt 120 ne, alhali wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230, saboda haka sai an haɗa da taransifomar rage wuta, kuma ranar da aka manta aka jona kai tsaye an yi asara. Ko an sami mai bolt 230, duk hawa da saukar da wutar janareta ke yi yana shiga cikin bawul kai tsaye, idan ta yi ƙasa sautin ya yi laushi ya rasa ƙarfi, idan ta yi sama bawul ɗin 6V6, waɗanda dama ana ba su fiye da bolt 400 a wannan ƙirar, su ƙara zafi su gajarta kwana. Tone Master yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, yana cin kaɗan, kuma sautinsa ba ya canzawa da canjin wuta. Wannan bai sa ya fi ƙarfin tsawa ko wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ba, don haka kowanne aka saya, sitabilaiza mai kyau tana cikin kuɗin sayen.

Bawul kuma abu ne mai ƙarewa. Na tura lasifika su ne ke fara gajiya, kuma idan aka canza su sai mai gyara ya daidaita wutar da ke ratsa su, aikin da bai kamata mai amfilifaya ya yi da kansa ba, domin manyan kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an cire waya daga bango. Masana'antun da suka rage suna ƙera bawul a duniya ba su da yawa, fitattunsu su ne JJ Electronic a Sulobakiya, da masana'antar Saratov a Rasha mai ƙera Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, sai wasu a Sin. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo kuma shaguna da yawa suka wayi gari babu kaya. Mai amfilifayar bawul a Kano ko Jos ko Maraɗi ya kwana da sanin cewa daga waje zai riƙa yin odar su, kuma hikima ce ya ajiye saiti guda a gefe tun kafin bukata ta taso.

Duk da haka, a nan ne mai bawul yake da hujjarsa mafi ƙarfi, wadda a ganina ta fi hujjar sauti nauyi. Deluxe Reverb na 1964 yana aiki har yau a hannun mutane, domin babu komai a cikinsa sai resista da kafasita da taransifoma da bawul, kuma zanen tsarinsa yana ko'ina a intanet. Maimaicin '65 an gina shi a kan bod, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kansa, bai kai na asali sauƙin gyara ba, amma har yanzu mai gyaran rediyon da ya san aikinsa, da mita da ƙarfen dalma, zai iya bin layi ya gano abin da ya ƙone ya canza shi. Na'urar dijital ba a gyara ta haka. Idan bod ɗin kwamfutar ya mutu, sabon bod ake nema daga kamfani, kuma samunsa ya dogara da ko akwai wakili a kusa da kuma ko ana ci gaba da ƙera shi. Wannan hali ne na duk kayan dijital, daga waya har talabijin, kuma shi ya sa tsofaffin na'urorin kwaikwayo suke faɗuwa a farashi da zarar sabuwa ta fito, yayin da amfilifayar bawul mai suna take riƙe darajarta a kasuwar na hannu.

Akwai abubuwan da Tone Master ya rasa waɗanda na yi mamakin rashinsu a na'urar dijital. Ba shi da wurin jona abin saurare na kunne, ba shi da mafitar ƙarin lasifika wadda mai bawul yake da ita, kuma ba shi da hanyar saka fedoji a tsakiyar layi. Farashinsa ma ba na wasa ba ne, ya fito a kan kusan dala 900, ƙasa da mai bawul amma sama da amfilifayar Boss Katana nesa ba kusa ba, alhali Katana yana ba da sautuka iri-iri. Wanda aikinsa ke bukatar sautin amfilifayar Marshall a waƙa ɗaya da na Vox a ta gaba, Helix ko Kemper ne nasa, Tone Master ba zai yi masa ba. Wannan akwati na mutumin da ya riga ya san sautin Deluxe Reverb yake so ne, ba ya neman wani.

Ga makaɗin da ke yawo da kayansa daga biki zuwa coci zuwa ɗakin atisaye, yana aiki da wutar janareta, yana kuma jona miksa a mafi yawan wurare, Tone Master nake ba shi shawara ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya saya daga dillalin da zai ba shi garanti a rubuce kuma ya tambaye shi tun kafin ya biya inda ake kai na'urar idan ta sami matsala. Mai ɗakin ɗaukar sauti da amfilifayarsa za ta zauna wuri ɗaya, da tsayayyar wuta, da ɗakin da zai iya murɗa ƙara zuwa 5 ba tare da an ƙwanƙwasa masa ƙofa ba, shi ne wanda ƙarin kuɗin mai bawul da nauyinsa da hidimarsa za su biya. Idan na hannu zai saya, ya duba rubutun da ke bayan akwatin ya tabbatar ko na bolt 120 ne ko 230, ya kunna shi ya bar shi ya yi zafi na rabin awa yana sauraren ko akwai gurnani ko ƙarar tafasa, sannan ya leƙa bawul ɗin 6V6 guda biyu, domin idan farantin ƙarfen da ke cikinsu ya yi ja, akwai gyara a gabansa kuma ya kamata a cire kuɗinsa daga farashin.